Ziyarar Villigen, inda ake gwada wayar ITER

Daga Zurik jirgin ƙasa ya kai ni Brugg, daga nan na hau bas mai ruwan ɗorawa zuwa Villigen a arewacin Suwizalan. Hanyar gonaki ce da kurmi, sai ga kogin Aare, da gine-ginen Cibiyar Paul Scherrer a gaɓoɓinsa biyu. A nan na'urar SULTAN, wadda ake gwada wayar manyan maganaɗisu da ita, take, ƙarƙashin Cibiyar Filasma ta Suwizalan.

Abin da ya kawo ni shi ne ITER, tukunyar gwajin makamashi da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa. A cikinta za a dafa iskar haidurojin har digiri miliyan 150 don ƙwayoyin zarra su haɗe su fitar da makamashi, kamar yadda suke yi a cikin rana. Babu ƙarfen da zai jure wannan zafi, don haka maganaɗisu ne zai riƙe wannan iska mai tsananin zafi, wato filasma, kada ta taɓa bango. Wayar da aka naɗa maganaɗisun da ita kuwa, samfurinta sai da ya biyo ta Villigen kafin aka amince da ita.

Mai yi min jagora ya miƙo min wani yanki da aka datse. Bututun ƙarfe ne, cike da ɗaruruwan siraran wayoyi na niyobiyam da kuza, gauraye da jan ƙarfe, an tufke su kamar igiya. In aka sanyaya su da hiliyam zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, lantarki na bi ta cikinsu ba tare da wata turjiya ba. Amma haɗin niyobiyam da kuza gautsi gare shi. Bayan an gasa shi a digiri 650, lanƙwasa kaɗan na iya tsaga shi.

Samfurin da ake gwadawa ya kai mita uku da rabi. Ana zura shi a tsaye cikin tsakiyar na'urar, inda ƙarfin maganaɗisu ke kaiwa kusan tesla 11, sannan a tura masa lantarki har amfiya 68,000. A wannan hali kowace mita ta wayar tana ɗauke da matsin da ya haura tan 70. Sai a riƙa ɗaga zafi kaɗan-kaɗan har turjiya ta fara bayyana, a rubuta matakin, a kashe, a kunna, a maimaita sau dubbai. Zauren ba shi da wani abin kallo ban da ƙugin famfuna da mutane kaɗan a gaban kwamfuta, amma na daɗe a tsaye ban so fita ba.

A nan ne a ƙarshen 2010 aka gano wayar da Japan ta ƙera don babban maganaɗisun tsakiyar ITER ta fara raunana bayan zagayen kunnawa da kashewa kusan 6,000, alhali ana bukatar ta jure 60,000. Da an naɗe ta an rufe a cikin tukunyar, ciro ta sai an wargaza injin. Maganin da aka samu shi ne matse tufkar, ta yadda siraran wayoyin ba za su sami wurin motsi ba balle su tsage. Sabon samfurin ya dawo Villigen ya ci gwajin, kuma da irinsa kamfanin General Atomics ya naɗa maganaɗisun a Kalifoniya.

Kafin in koma tashar bas an nuna min wata sabuwar waya mai kama da faffaɗan tef, wadda ke aiki ko sanyi bai kai na hiliyam mai ruwa ba. Irinta ce masu binciken jami'ar MIT ta Amurka suka kawo nan gwaji kafin su haɗa maganaɗisun da ya kai tesla 20 a 2021.