Dafe tsirkiya da gefen hannu: darasin farko ga mai koyon gitar bulus

Yawancin masu koyon gita a nan Maraɗi hankalinsu na kan hannun hagu. In gita ta zagayo kan mutum a fada bayan an sauke shayi, yatsunsa ake kallo a wuyan gitar, a ga ko ya iya gudun nan irin na ƴan Agadas. Hannun dama an sake shi, yana ta kaɗawa yadda ya samu. A bulus, kiɗan nan da ya samo asali a wurin baƙaƙen fatan Amurka, hakan ba ya yi. Ko mutum ya riƙe duk gidajen da suka dace, wato wuraren da ake danna tsirkiya a wuyan gita, in tsirkiyoyi masu kauri suna ta amo ba mai tsawata musu, wannan sauti na hawa kan wancan, sai kiɗan ya dagule. Maganinsa dafe tsirkiya da gefen hannun dama, kuma a ganina tun makon farko ya kamata a koye shi, kafin a fara zancen solo, wato inda gita ke fitar da waƙa ita kaɗai.

Miƙe hannunka na dama ka dubi gefensa, naman nan mai taushi da ya taso daga gindin ƙaramin yatsa zuwa wuyan hannu. Shi za ka ɗora a kan tsirkiyoyi daidai inda suka baro jaki, wato ɗan ƙashi ko ƙarfen da suke hawa a gangar jikin gitar, sannan ka kaɗa da mediyato, ɗan falen robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, ba tare da ka ɗaga hannun ba. Sauti zai fito gajere mai nauyi, dum, dum, ba mai doguwar wutsiya ba. Haka makaɗin ganga yake yi, hannu ɗaya na bugu, ɗayan na kan fata yana rage amo ko ya sake shi. In ka ci karo da haruffan P.M. a rubutaccen kiɗan gita, da ɗigo-ɗigo a gabansu, wannan aikin ake nufi, har inda ɗigon ya ƙare.

Inda hannun ya sauka ya fi ƙarfin da aka sa muhimmanci, kuma a nan aka fi ɓata. Ga yadda ake gano wurin. Ɗora gefen hannun a bayan jaki gaba ɗaya, kada ya taɓa ɓangaren tsirkiya mai motsi. Kaɗa tsirkiya ta shida, mafi kauri, wadda muryarta ake kira Mi, a sake, bugu ɗaya duk daƙiƙa. Kana kaɗawa kana turo hannun wajen wuyan gita kaɗan-kaɗan, milimita bayan milimita. Da farko ba za ka ji bambanci ba. Can sai wutsiyar sautin ta fara gajarta, ya yi kauri. Wurin ke nan, amma kada ka tsaya tukuna. Ci gaba da gangan har ka yi nisan santimita 3 daga jaki, ka ji yadda sautin ke mutuwa ya koma tak, tak, ba Mi ba komai ba. Sannan ka dawo baya. Kunnen da ya ji iyakokin nan biyu ba ya ɓatan hanya. A yawancin gitoci wurin yana tsakanin rabin santimita da santimita ɗaya daga jaki, rabin naman a kan jakin, rabi a kan tsirkiya.

Dalilin yana cikin yadda tsirkiya ke kaɗuwa. Tsawonta mai motsi wajen santimita 65 ne: milimita 648 a gitar lantarki ƙirar Stratocaster, 628 a ƙirar Les Paul. Tsakiyarta ta fi lilo, bakinta biyu kuwa da ƙyar suke motsi. In ka taɓa ta kusa da baki, naman hannu yana fara shanye siraran sautukan sama, ya bar na ƙasa wanda shi ne asalin muryar tsirkiyar. In ka shigo ciki, sai ya shanye duka. Ga kuma wata ɓarna: hannun da ya shigo ciki ya danna ya zama sabon bakin tsirkiya, ta gajarta ta ƙara ɗaurewa, muryarta ta hau. Shi ya sa wani zai ɗaure gitarsa daidai, amma da ya fara kiɗa a ji kamar ba ta ɗauru ba. Gwada da manhajar ɗaurin gita ta waya: kaɗa a sake, allura na tsakiya; dafe ka sake kaɗawa. In allurar ta karkata sama, ko ka danna da yawa ko ka shigo da yawa. Gwajin da ya fi wannan sauƙi shi ne ka rera sautin da bakinka bayan ka kaɗa. In ba abin rerawa, ka kashe shi.

Ƙarfi kuwa, nauyin hannun kansa ya isa. Ajiye shi za ka yi, ba dannawa ba.

Da zarar an ajiye hannun, sabon mai koyo sai ya sandare. Wuyan hannu ya ƙi motsi, ya koma kaɗawa daga gwiwar hannu, gefen hannun na tashi yana sauka, bugu ɗaya a dafe, na biye a sake. Motsin daga wuyan hannu yake, ƙarami, mediyato bai wuce santimita ɗaya ba a tafiyarsa, naman nan na zaune a wurinsa. Bakin mediyato milimita 2 zuwa 3 kawai zai leƙo daga tsakanin babban yatsa da manuni. Mai kaurin milimita 0.73 zuwa 1 ya fi dacewa, don siririn lanƙwashewa yake yi a kan tsirkiya mai kauri, ka fi jin ƙarar roba fiye da sauti. Wanda bai samu na saye ba, katin nan da ake ɓallo sim daga cikinsa kaurinsa milimita 0.76 ne, a yanka shi kusurwa uku da almakashi, a goge bakin da sanfefa har ya yi sumul.

Yanzu sai kiɗan kansa, wanda ake kira shaful. Ana jin wannan tafiya ta tsirkiyoyi masu kauri tun a faifan da mawaƙin bulus na Amurka Robert Johnson ya ɗauka a 1936 da 1937, kuma faifan Jimmy Reed na shekarun 1950 a Cikago kusan duk a kanta suke. Mu ɗauke shi a La, wato muryar tsirkiya ta biyar. Tsirkiya ta biyar a sake, manuni a gida na 2 na tsirkiya ta huɗu. Kaɗa su biyun tare, sau biyu. Sai yatsan zobe ya sauka a gida na 4 na wannan tsirkiya ta huɗu, manuni na nan bai tashi ba, ka sake kaɗawa sau biyu. Ka maimaita: 2, 2, 4, 4, 2, 2, 4, 4. Bugu takwas ke nan, awo ɗaya mai taku huɗu. Duka ƙasa ake kaɗa su, ba a dawowa sama.

Bugun nan biyu na kowane taku ba tsawonsu ɗaya ba. Raba takun gida uku, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a bakinka, ka kaɗa a kan ɗaya da uku, ka tsallake biyu. Na farko dogo, na biyu gajere mai faɗawa kan taku na gaba. A nan dafewa ke nuna amfaninta, don ɗan shirun da ke kan "biyu" shi ke sa mai sauraro kaɗa kai, kuma tsirkiyar da aka sake cike shi take yi da amo.

Zagayen bulus awo 12 ne: huɗu a La, biyu a Re, biyu a La, ɗaya a Mi, ɗaya a Re, ɗaya a La, na ƙarshe a Mi, sai a koma farko. Yatsun hagu aikinsu ɗaya ne a ko'ina, gida na 2 da na 4. Don Re ka sauko: ta huɗu a sake, yatsu a ta uku. Don Mi ka hau: ta shida a sake, yatsu a ta biyar. Sa metironom na waya, manhajar da ke ƙirga taku, a 60 a minti, zagaye ɗaya zai ci daƙiƙa 48. Kada ka ƙara sauri sai ka yi zagaye uku a jere ba bugun da ya kuɓuce, sannan ka ƙara 5, a hankali har wajen 90.

Wurin sauya tsirkiya nan asiri ke tonuwa. Hannun da aka kafa don La, in aka sauko Re, sau da yawa tsirkiya ta uku ba ta ƙarƙashin naman, sai ta yi tsiwa ita kaɗai. Dole hannun dama gaba ɗayansa ya zame ƙasa kimanin santimita ɗaya, yana bin layin jaki, ba mediyato kaɗai ya miƙa ba. Ware awo na 4 da na 5 ka yi ta maimaita su su kaɗai, minti biyar, kafin ka koma zagayen. Tsirkiyar da ke ƙasan biyun da kake kaɗawa kuma, bar cikin manunin hagu ya ɗan kwanta a kanta, ko mediyato ya zarce ba za ta yi magana ba.

Gitoci sun bambanta. A ta katako mai rami sautin ba ya daɗewa tun asali, don haka dafewar ta zama mai sauƙi sosai, in ba haka ba kiɗan ya shaƙe. A ta lantarki mai jakin da ke lilo, irin mai sandar girgiza sauti, in ka jingina a kan jakin duk tsirkiyoyi shida hawa za su yi tare. Naman ya taɓa tsirkiya, nauyin hannu ya zauna a kan gangar jikin gitar ta wajen damtse. Irin wannan jakin a gitoci masu araha yakan zo da ƙananan sukurori da suka leƙo sama suna karce hannu. A canza su da gajeru, kada a murɗa su ciki, don su ke riƙe da tsayin tsirkiya. Amfuli kuma, na'urar ƙara sautin gita, a bar shi da tsabtataccen sauti lokacin koyo. Ƙara mai kaushi tana rufe kuskure, mutum ya yi wata yana zaton ya iya.

Bayan hannu ya zauna, kada ka bar dafewar a mataki ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai waƙa na rerawa, shigo ciki da milimita biyu, kiɗa ya kwanta ƙarƙashin muryarsa. A awo na 9 da na 10 ja da baya, tsirkiya ta ɗan buɗe, zagayen ya tashi. Mai kaɗawa da yatsu ba mediyato kuma zai karkata hannun ya rufe ta shida, ta biyar da ta huɗu kaɗai, babban yatsa na buga mai kauri a kowane taku a dafe, manuni da na tsakiya na fitar da waƙa a siraran a sake. Makaɗan Tekzas irin su Lightnin' Hopkins da Mance Lipscomb a kan wannan suka gina kiɗansu, mutum ɗaya a ji kamar biyu.

Abu na ƙarshe zufa ce. A zafin Afrilu da Mayu na garin nan, gefen hannu na zaune a wuri ɗaya yana jiƙa tsirkiya da gishiri, tsatsa ta fara daga nan, kuma a bakin jaki tsirkiya ta fi tsinkewa. Mai kyau ba kullum ake samunta kusa ba, wani lokaci sai an yi saƙo Yamai ko Kano. Wanke hannu ka shanya kafin ka ɗauki gita. In ka gama, zura busasshen ƙyalle ƙarƙashin tsirkiyoyin, ka goge kowace daga jaki zuwa wuya, ka goge jakin shi ma, sannan ka mayar da gitar cikin jakarta nesa da rana.