La'anar Gado: Abin da Na Gani a Hanya

Aikina na rani ne. Da zarar an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, mutane sun sami sararin zama, sai in rataya jakata in kama hanya. Ba na riƙe da wata ikkilisiya. Dattawa ne ke kirana in koyar da Littafi Mai Tsarki na 'yan kwanaki, sannan in wuce gaba. Haka na zaga ƙauyukan Malumfashi da Kafur, da na Sumaila da Tudun Wada a jihar Kano, na gangara Kudancin Kaduna da Tafawa Ɓalewa, na haura har Maraɗi. Inda mota ta tsaya acaba ya ɗauka, inda acaba ya kasa ƙafa ta ƙarasa.

Ba na kwana a masaukin baƙi in dai da gidan da zai karɓe ni. A majami'a kowa yakan zo da tufafin Lahadi da fuskar Lahadi. Sai a tsakar gida, bayan tuwon dare, za ka ji yadda maigida ke yi wa matarsa magana, ka ga ko yara na gudu in ya shigo. A nan ne kuma ake yi mini tambayar da ta fi kowace bi na: Malam, akwai la'anar gado?

Wani magidanci ya taɓa jan hannuna bayan rumbu, muryarsa na rawa. Ya ce, "Malam, burukutu ce ta kashe kakana, ita ta kashe babana, ga shi ta kama ni. An ce a jininmu take." Wani mai wa'azi ya riga ya karɓi akuyarsa da sunan addu'ar karya la'ana. Wannan ciniki yana ƙona mini rai, domin talaka ake tatsa, a bar shi da tsoro fiye da wanda ya zo da shi.

Na ce masa, "Ɗan'uwana, ɗauko Littafinka." Muka buɗe Ezekiyel sura 18. Mutanen Yahuza da ke bauta a Babila suna da karin magana cewa iyaye ne suka ci 'ya'yan inabi masu tsami amma haƙoran 'ya'ya ne suka mutu. Allah ya hana su sake faɗarta. Sai surar ta jera tsara uku: uba adali, ɗansa ɗan fashi mai zub da jini, da jika wanda ya ga duk zunubin ubansa ya ƙi bin sawunsa. An ce jikan nan zai rayu. Na sa shi ya maimaita aya ta 14 da bakinsa, domin a nan maganar take: yaron ya gani, ya yi tunani, ya zaɓi wata hanya.

Tarihin sarakunan Yahuza ma haka ya nuna. Ahaz ya miƙa ɗansa hadaya a wuta, amma shi ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah. Hezekiya ya haifi Manassa, wanda ya yi shekara 55 a kan gadon sarauta ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Amon ya bi halin ubansa, ya yi shekara 2 fadawansa suka kashe shi. Ɗan Amon kuwa shi ne Yosiya, wanda ya hau sarauta yana shekara 8, ya kuma gyara ƙasar da aka samo Littafin Shari'a a Haikali. Da a jini abin yake, da ba a yi wannan hawa da sauka ba.

Duk da haka ba na gaya wa kowa cewa hali ba ya bin gida. Yana bi, na gani da idona. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ibrahim ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce saboda tsoro, a Masar da kuma Gerar. Ishaku ya je Gerar ɗin nan ya faɗi haka a kan Rifkatu. Ishaku ya fifita Isuwa, Rifkatu ta fifita Yakubu, Yakubu ya girma ya fifita Yusufu har 'yan'uwansa suka sayar da shi. Idan an kawo mini Fitowa 20:5, inda aka ce hukuncin laifin iyaye yana kai wa ga 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu, nakan ce a ƙirga masu ci daga tukunya ɗaya a gidajenmu: kaka, uba, ɗa, wani lokaci har da tattaɓa-kunne. A fahimtata ta ido da kunne abin yake wucewa. Kuma aya ta gaba ta yi alkawarin jinƙai ga dubbai.

Da magidancin nan mun yi addu'a, ba ko sisi. Sannan muka shiga abin da ya fi wuya. Ranar kasuwa ce yake faɗuwa, don haka wani dattijo ya yarda ya riƙa raka shi ya dawo da shi. Kuɗin hatsi ya koma hannun matarsa. Ya zaunar da babban ɗansa ya gaya masa gaskiyar abin da ya kashe kakansa. Tun daga nan ba na barin gari sai na damƙa irin wannan mutum a hannun wanda zai zauna, don baƙo komai daɗin koyarwarsa mai tafiya ne.

Akwai wani hawa da sauka tsakanin tsara da tsara da ya fi damuna, na ikkilisiya kanta. Mahukunta 2:10 ta ce bayan Joshuwa da tsararsa wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san aikin da ya yi ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Wusasa ya sa hannu a ciki ƙwarai. Kakanninmu da yawa da girmansu suka koyi karatu don su karanta shi. 'Ya'yansu suka gina majami'u da makarantu. Yau nakan miƙa wa saurayi Littafin Hausa ya yi ta in-ina, in miƙa masa na Turanci ya karanta sumul amma ya kasa faɗa mini abin da ya karanta. Ba laifinsa ba ne. An bar wa makarantar Lahadi aikin da Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora wa iyaye, a zaune a gida da tafe a hanya. Inda na tarar da bangaskiya ta kai ga jikoki, kusan kullum akwai wata tsohuwa ta Zumuntar Mata a bayan labarin, irin Loyis kakar Timoti.

Ni ma maganar ba ta bar ni ba. Annabi Sama'ila mai zagaye ne kamar ni: kowace shekara yakan bi Betel da Gilgal da Mizfa, ya koma gida Rama. Amma 'ya'yansa, Yowel da Abaija, sun zama alƙalai masu cin hanci, har jama'a suka nemi sarki. Saboda wannan, ruwan fari na sauka nake rufe littafin gayyata. Damina ta gidana ce. Muna gona tare da yara, da dare kuma su ke karatu ni da mahaifiyarsu muna saurare. Dattawa sukan aiko a watan Yuli su ce taro ne babba, in daure in zo. Nakan ba su haƙuri, in ce su sa ni bayan kaka.