Daga Dubai zuwa Los Angeles ta saman ƙanƙara

Kwana biyu kafin tafiyar na tsaya gaban taswirar bango, na ja layi da yatsa daga Dubai zuwa Los Angeles. A lissafina jirgi zai bi ta saman Saudiyya da arewacin Afirka, ya tsallake Tekun Atlantika, ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma. Har kujerar taga na zaɓa don in ƙare wa Sahara kallo.

Da muka tashi, sai na ga a allon da ke bayan kujerar gabana jirgin ya miƙe arewa. Iran, sai Tekun Kasfiya, sai Rasha. Na ɗauka na'urar ce ta rikice. Wani dattijo da ke gefena ya lura da yadda nake zare ido, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, duniya ba faifai ba ce. In ka sauka ka samu ƙwallo, ka miƙa zare tsakanin wuri biyu, ka ga inda zai kwanta." Na ce, "To, Baba."

Gaskiyarsa. Gajeriyar hanya tsakanin biranen nan ta kusa da ƙuryar arewacin duniya take bi, ta gangaro ta Kanada. Tsawonta kimanin kilomita 13,400, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na kewayen duniya, wanda ya kai kilomita 40,000. Taswirar da na dogara da ita irin wadda wani masanin taswira mai suna Mercator ya zana ce a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa, kuma tana kumbura ƙasashen arewa. Shi ya sa tsibirin Girinlan yake kama da ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Lambobin ma sai da suka ruɗa ni. Allon kan nuna 13,400, can ya koma 8,300, can kuma 7,200. Ashe duk nisa ɗaya ne: kilomita, da mil na tudu mai kilomita 1.6, da mil na teku mai kilomita 1.852, wanda matuƙan jirgin sama suke aiki da shi.

Amma jiki ba ruwansa da kilomita, awoyi yake ƙirgawa. Kusan awa 16 muka yi a sama. Kujerar tagar da na yi ɗoki ta zame mini kurkuku, don kunyar tayar da mutum biyu ta sa na ƙi shan ruwa, na ƙi miƙewa. Da muka kusa sauka ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, kaina na sarawa. A dawowa kujerar bakin hanya na ɗauka, ina tashi in taka duk bayan awa biyu.

Lokacin bazara ne a can arewa, rana ba ta faɗi mana ba ko sau ɗaya. Na ɗaga murfin taga a tsakiyar tafiya, babu komai ƙasa sai farar ƙanƙara iyakar ganin ido. Mun bar Dubai da safe, muka sauka da tsakar ranar wannan ranar dai, saboda agogon Los Angeles yana baya da awa 11 a watannin. Ƙarfe biyar na yamma barci ya kayar da ni da takalmi a hannu, ƙarfe ɗaya na dare kuma idona ya bushe ƙyam.