"Lafiya Lau" Ɗin Da Muka Riƙa Yi Wa Juna

Daren da zan bar Katsina, cikin Satumbar 2017, Iya ta aika a kira ni ɗakinta. Kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma tun ina yaro "maigida" take ce mini. Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin gado: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji, kowanne da ƙullinsa. "To maigida," in ji ta, "ka je ka auro mini Baturiya, ka ga yadda ake zaman kishi." Na ce ai dama na gaji da tsohuwa mai jan haƙori da goro. Ta kai mini duka da mafici, sannan ta dafa kaina ta yi addu'a. Kilishin da Inna ta saya kuwa a gida na bar shi, don wanda ya riga ni zuwa ya gargaɗe ni cewa ba a shiga Ingila da nama. Rabon ƙannena ne ya tsaga.

Bradford na je, karatun digiri na biyu na shekara ɗaya. Ta fuskar ci da ibada ban wahala ba. Garin cike yake da 'yan Pakistan, ga masallatai, ga mahauta masu yankan Musulunci, kuma a shagunansu akwai garin shinkafa da ke tuƙuwa in mutum yana da haƙuri. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka ne dai wata ɗaliba da muke haɗa kicin ta shigo tana toshe hanci tana leƙa kwandon shara. Daga ranar sai na buɗe taga kafin in jefa daddawa.

Duhu ne da shiru suka kayar da ni. A ƙarshen Oktoba suka mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba kuwa rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu ake yin su. Shirun ya fi duhun ciwo. A Rafindaɗi, daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci tafiyar minti biyar ce, amma sai in yi ashirin: ya gida, ya su Alhaji, ina gajiyar jiya, yaushe za mu sha biki. A da har haushi abin yake ba ni. Can na taɓa ƙirgawa, kwana uku cur ban yi magana da ɗan Adam ba in ban da mai shago. Ba wai mutanen miyagu ba ne, murmushi za su yi maka su wuce, kowa da abin da ke gabansa. Ba wanda ya san ɗan gidan wa kake, ba kuma wanda ya damu ya sani.

Barci ya ƙaurace mini. Sai in raba dare ina kallon tsofaffin bidiyoyin hawan Sallah, ina neman fuskar da na sani a Ƙofar Soro, gari ya waye in kasa tashi zuwa aji. Amma duk Juma'a in na kira gida, Inna ta ce, "Ya sanyi?" sai in ce lafiya lau. Da ƙanƙara ta rufe garin a ƙarshen Fabrairun 2018, na fita na ɗauki hoto ina washe baki na tura musu, na koma ɗaki na ja bargo har washegari. Malamin da ke duba aikina ne ya lura na zube, ya ce in ga likita. Likitar ta saurare ni, ta ce in riƙa shan bitamin D tunda a watannin sanyi ranarsu ba ta wadatar da jiki, balle mai baƙar fata, kuma in riƙa fita kullum ko da babu inda za ni. Ya taimaka. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Cikin watan Mayu, lokacin jarrabawa, na kira na ce a ba ni Iya. Aka ce tana barci. Juma'ar gaba aka ce ta shiga maƙwabta. Iya da ƙafa ta hana ta zuwa ko ƙofar zaure! Ban kawo komai a raina ba, kaina na cikin takardu. Sai da wani abokina na sakandare ya turo mini saƙo a WhatsApp: "Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan tsohuwa." Kwananta tara a ƙasa.

Na kira Yaya ina rawar murya, na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ya bari na gama, ya ce, "Baba ne ya ce a ƙyale ka ka ƙare jarrabawa. In mun faɗa maka, me za ka yi? Kai kaɗai ne a can." Na yi kwanaki ina fushi kafin in ga cewa abin da suka yi mini shi nake yi musu tun Disamba. Su suna gudun tayar mini da hankali, ni ina gudun a ce an kashe kuɗi an tura raggo.

Wani ɗan Kano da muke gaisawa sama-sama a masallaci shi na fara gaya wa, don kawai ya tambaye ni me ya sami idona. Bayan isha'i sai ga shi da mutum shida: biyu daga Zariya, ɗaya Bamaraɗe, wani Bahaushen Kumasi, da 'yan Sudan biyu. Ɗakin ɗalibi ne, kujera ɗaya, sai muka zauna a ƙasa gwiwa na gogar gwiwa. Suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi a ƙofar gida, aka karanta Ƙulhuwallahu, aka shafa. Ashe wata takwas suna nan, tituna biyu tsakaninmu, ni ina ɗaki ina neman Katsina a cikin waya. Azumin shekarar, da ake kai wa kusan goma saura na dare kafin a sha ruwa, tare muka yi shi, kuma da ragowar daddawar Iya muka yi miyar Sallah ranar 15 ga Yuni.

Bayan Sallah muka yi yarjejeniya da Yaya: kowane irin labari ne, ya faɗa mini a ranar, ni ma haka. Da ƙanwarmu za ta tafi karatu Masar, abu biyu na gaya mata: ta nemi 'yan gida tun makon farko, kafin ta buƙace su, kuma in na tambaye ta ya take, ba na son "lafiya lau" sai in lafiyar ce.

Da na dawo, Yaya ya kai ni maƙabartar Ɗanmarna ya nuna mini kabarin Iya. Da dare ina cin tuwo a ɗakin Inna na ba ta labarin likitar nan da watannin da ban yi barci ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ai na gani a hoton ƙanƙarar nan. Wuyanka duk ya fito."