Ta zauna daram, amma ta ƙi tashi

Ina shekara ta biyu da zama yaron shago a wurin wani mai gyaran kwamfuta a Kano, wajen 2019 ke nan, Ogana ya tafi Legas saro kaya a Computer Village da ke Ikeja, ya bar mini makulli na mako guda. Kwana biyu da tafiyarsa sai ga wani mai ɗaukar bidiyon biki da kwamfutar tebur a kafaɗa, yana ta haɗa gumi. Kukansa guda ne. In ya gama haɗa bidiyon kamu da na dina ya ce ta fitar masa, sai ta kwana tana abu ɗaya, galibi ma kafin ta kai ƙarshe an ɗauke wuta, ga dangin amarya sun hana wayarsa sakat.

Na kwance murfi na leƙa. Firosesar Core i3-6100 ce, mai ƙwaƙwalwa biyu, a kan madabod, wato babban allon da duk kayan ciki ke hawa, mai H110. Kusa da soket an rubuta LGA 1151 ɓaro-ɓaro. Na ce masa, "Malam, ai wannan mai sauƙi ne, firosesa kawai za a sauya." Ya ba ni kuɗi, na shiga kasuwa na samo Core i5-8400 ta hannu, mai ƙwaƙwalwa shida, wadda ita ma a takardarta LGA 1151 aka rubuta. Har wani taku na riƙa yi a hanyar dawowa, ina raya yadda Oga zai dawo ya tarar na yi babban aiki ni kaɗai.

Kuma ta shiga. Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa ni. Ɗan alwatikan zinaren da ke kusurwarta ya yi daidai da alamar soket, yankan gefenta biyu suka faɗa wurinsu, na sauke ƙarfen na danne ba tare da wata gardama ba. Na shafa man sanyaya, na ɗaura fanka, na danna makunni. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Na cire RAM na goge bakinta da magogin fensir kamar yadda muka saba, na mayar. Shiru. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na jira minti biyar. Shiru. Na sauya fawa-fak mai raba wa kayan ciki wuta, na sauya waya, na sauya monita. Kwana uku ina wannan dambe, mai kaya yana zuwa safe da yamma, ni kuma ina ce masa saura ƙiris.

Da Oga ya dawo bai ma taɓa sukudireba ba. Ya sunkuya ya karanta rubutun madabod, ya ɗaga kwalin firosesar ya duba, sannan ya dube ni.

"Kai, wa ya ce maka wannan tana hawa wannan?"

Na ce, "Oga, ai duka 1151 ne."

Ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Je ka ɗauko kujera."

A ranar na san cewa Intel ta yi amfani da soket mai ƙafa 1151 har sau biyu. Firosesocin zamani na shida da na bakwai, waɗanda suka fara fitowa daga 2015, suna aiki ne a kan madabod masu lamba ɗari da ɗari biyu, irin su H110 da B150 da B250 da Z270. Na zamani na takwas da na tara, daga ƙarshen 2017, sai a kan masu lamba ɗari uku, irin su H310 da B360 da Z390. Yawan ƙafafun ɗaya ne, girman ramin ɗaya ne, amma an sauya aikin wasu ƙafafun domin kai ƙarin wuta ga firosesa mai ƙwaƙwalwa da yawa. Ido ba zai taɓa gaya maka wannan ba. Lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 8 a cikin 8400, ita ce zamanin, kuma ita na tsallake na tafi kallon rami.

Mai kayan da na saya a wurinsa ya karɓa, amma sai da ya zaftare wani abu, kuma daga ɗan tarina aka cike giɓin. Oga bai ce uffan a kan wannan ba, ni ma ban nemi alfarma ba. Abin da muka sa wa mai bidiyo a ƙarshe Core i7-7700 ce, kusan ƙololuwar abin da madabod ɗinsa zai iya ɗauka. Ko ita ɗin ma da sharaɗi: sai da muka mayar da tsohuwar i3, muka tada kwamfutar da ita, muka sabunta BIOS, wato 'yar manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta, sannan madabod ɗin ya gane sabuwar. Da na yi gaggawar sayar da tsohuwar tun ranar farko, kamar yadda na so yi, da mun rasa tsanin hawa.

Tun daga nan ba na zuwa kasuwa sai da cikakken sunan madabod a rubuce a takarda, har da ɗan rubutun nan na "Rev" da ke kusurwa. Kowane kamfanin madabod yana da shafi a intanet inda ya jera firosesocin da kowane samfuri ke ɗauka, da sigar BIOS ɗin da kowace ke buƙata. Minti biyar ne da ɗan data. A ɓangaren AMD ma haka abin yake, ko da yake su sun daɗe a kan soket guda: AM4 ya fito a 2016, ya ɗauki Ryzen tun daga na farko har zuwa jerin 5000, sai a 2022 AM5 ya zo. Amma tsohon B450 da ya daɗe a kwali ba zai tashi da Ryzen 5 5600 ba sai an sabunta masa BIOS. Wani bambancin da yaran shago ke koya da kuka shi ne inda ƙafafun suke. A AM4 suna jikin firosesa, a LGA irin na Intel suna cikin soket ɗin madabod, siririya kamar gashi. Ɗan yatsa ya goge su, an gama.

Daga baya na lura cewa kayan da suka ƙi shiga su ne masu tausayi. RAM irin DDR3 tana da ƙafa 240, DDR4 tana da 288, kuma yankan tsakiyarsu ba a wuri ɗaya yake ba, don haka ko ka so ka yi kuskure ramin ba zai yarda ba, sai dai in ka sa ƙarfin tuwo ka karya. DDR5 ma 288 ce amma an gusar da yankan. Masu cutarwa su ne waɗanda ke shiga lafiya lau. A cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su akwai RAM ta manyan kwamfutocin kamfanoni da ake kira saba da yawa, ga girma ga araha, 16GB a kuɗin da bai kai na 8GB ba. Ta shiga ramin, ta yi ƙas, kwamfuta ta ƙi tashi. Sirrin yana jikin ɗan harafin da ke ƙarshen lambar sitika. PC3-12800U ta kwamfutar tebur ce. PC3-12800R ta saba ce, madabod na gida ba ya aiki da ita. In ka ga S, wannan gajeriya ce ta laftof. Na taɓa ganin mutum ya sayi guda huɗu masu R yana murnar ya yi tsintuwa. Araha dai ba ta ado.

Sauran sha'anin RAM ba shi da wuya. Biyu masu 8GB sun fi guda ɗaya mai 16GB sauri, domin madabod yana ɗebo bayanai ta hanya biyu lokaci guda, kuma a mai rami huɗu yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake fara cikawa. In ka gauraya mai sauri da mai nawa, duka za su koma tafiyar mai nawan.

Inda na fi jin tsoro har yau shi ne wuta, domin kuskuren firosesa da RAM yawanci asarar lokaci ce, na wuta kuwa hayaƙi ne. Tsofaffin kwamfutocin da aka yi amfani da su a Amurka suna zuwa da wani ɗan jan makunni a bayan fawa-fak, gefe ɗaya 115 gefe ɗaya 230. Can wutarsu ta kusan 120 ce, tamu 230. In aka manta shi a kan 115 aka jona a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji, sai warin ƙauri. Sau ɗaya na ji wannan ƙarar a shagonmu, kuma ba sai na faɗi hannun wa ba ne. Sababbin fawa-fak suna daidaita kansu, amma duk tsohuwar da ta shigo, bayanta nake fara juyawa kafin in gaisa da mai ita sosai.

Sai katin hoto, wanda samari masu wasan gem da masu haɗa bidiyo suka fi ƙwallafa rai a kai. Dogon ramin PCIe da ake soka katin yana ba da wat 75 ne kawai. Kati irin GTX 1050 Ti, da yawancin GTX 1650, wannan ya ishe su. GTX 1060 kuwa tana cin wat 120, dole sai an ƙara mata waya mai baki shida daga fawa-fak. Matsalar ita ce kwamfutocin ofis na gwanjo, waɗanda su suka fi yawa a hannun mutanenmu, da yawansu fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, ba shi da wannan wayar, wasu ma ba sa amfani da filogi mai baki 24 da kowa ya sani, nasu na daban ne, ba za ka cire ka sa na kasuwa kai tsaye ba. Nan ne ake kawo 'yar wayar dabara mai ɗebo wuta daga filogin had-dis ta kai wa kati. Ni ba na sa wa kowa ita. Filogin SATA ba a yi shi don wannan nauyin ba, kuma na ga wanda ya narke ya manne da kati. Haka fawa-fak masu wayoyin cirewa: wayar wani kamfani tana iya shiga bakin na wani kamfanin, amma jerin wutar ciki ya bambanta, sai ta aika wuta volt 12 inda ake jiran 5, had-dis ya tafi da hotunan bikin mutane. In akwatin siriri ne kuma, sai kati mai gajeren ƙarfe. Awon tsawon kati da tef ɗin tela ya fi a dawo da shi kasuwa ana ba da haƙuri.

Wani Alhaji mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa ya taɓa zuwa da niyyar sayen i7, don ɗansa ya ce masa ita ce maganin nawa. Na buɗe masa Task Manager, mai nuna aikin da kowane ɓangare ke yi, muka kalla tare: firosesa tana hutawa abinta, had-dis kuwa ya ƙure a ɗari bisa ɗari. Na ce, "Alhaji, ba direban ne matsala ba, hanyar ce ta lalace." Tsohon had-dis mai faifai da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa, SSD, ma'ajiyar zamani marar faifai, mai SATA tana kai wa wajen 550, kuma wurin tsinto ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa. Muka sa masa SSD da ƙarin RAM, muka hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka kamar auduga, muka sabunta man firosesar da ya bushe ya zama alli. Bai kashe rabin abin da ya zo da shi ba. Oga ya ɗan harare ni ranar, don ciniki ya ragu, amma duk kwamfutocin shagon Alhajin wurinmu suka dawo. Ko a SSD ɗin ma akwai tarko: 'yar siririyar nan M.2 iri biyu ce, SATA da NVMe, yawanci tsawonsu ɗaya, 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba.

Yanzu ina da nawa ɗan shagon. A ƙarshen 2025 sai ga mai bidiyon nan ya nemo ni, furfura ta fara fito masa, kwamfutar dai ita ce, i7-7700 ɗin tana nan tana aiki. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, shi kuma ya gwada hawa Windows 11 ta ce masa firosesarsa ba ta cikin jerin waɗanda ake karɓa. Na ce masa haka ne, a ɓangaren Intel daga zamani na takwas jerin ya fara, in ban da 'yan ƙalilan.

Ya ce, "Zamani na takwas kamar wace?"

Na ce, "Kamar i5-8400."

Ya yi shiru yana kallona, sannan ya fashe da dariya har yana dukan tebur. "Ba ita ce ka sa mini ta kwana uku tana juya fanka ba?"

Na ce ita ce, Malam. Na jawo takarda na fara rubuta masa lissafi, madabod a layin farko.