Ƙusa ɗaya ta tsayar min da aiki

Litinin da dare, Minneapolis.

Da asuba na leƙa taga, na tarar dusar ƙanƙara ta rufe ƙofar gida, ta kai wajen inci 8. Dokar garin nan ta ce mai gida ya share hanyar ƙafa ta gabansa cikin awa 24 bayan ta daina zuba, in ba haka ba hukuma ta sa a share, ta aiko masa da kuɗin aiki. Ina idar da sallah na jawo injin kwashe ƙanƙara daga gareji.

Ya tashi lafiya lau. Amma maimakon ya watsa ƙanƙarar can nesa kamar yadda ya saba, sai ya riƙa zubar da ita dab da ƙafata, ɓangaren hagu kuwa turata kawai yake yi gaba.

Na kashe shi, na zare wayar fulogi. Bututun fitarwa ya toshe da jiƙaƙƙiyar ƙanƙara, na zungure ta da sanda. Wurin nan ba a sa hannu ko da inji a kashe yake, don farfelar ciki takan juya da zarar ta kuɓuta, ta haka mutane ke rasa yatsu. Na duba bel, bai saki ba. Sai da na taɓa murɗaɗɗiyar wuƙar hagu, ɗaya daga cikin masu tattaro ƙanƙara a gaban injin, da sandar na ga tana juyawa ita kaɗai, ƙarfen da take kai bai motsa ba. Ashe ƙusar da ke haɗa su ce ta karye. Daskararriyar jarida na ciro a maƙale.

Har na ɗauko ƙusa mai noti irin ta gama-gari zan zura, sai dattijon maƙwabcinmu ya ƙaraso ya ce kul. Ya ce da gangan ake yin ƙusar wurin mara ƙarfi, don in wuƙa ta ci karo da dutse ita ta karye, giyar tsakiya ta tsira. In na sa mai tauri, wata rana giyar ce za ta fashe, ita kuwa gyaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ya koma gida ya kawo min guda biyu, ya ƙi karɓar ko sisi. Wallahi abin ya taɓa min zuciya.

Minti 10 na ɗaura ta, da yatsu a sandare. Injin ya koma feshi har kan shinge. Na gama namu, na zarce na share gaban gidansa, sannan na shiga na sha kunun da uwargida ta ɗumama min har sau biyu.