Dalilin da ba na rabuwa da UPS a shagona

A shagona na buga takardu a Agege, ba na yarda a kunna kwamfuta sai an jona ta da UPS, wato akwatin batirin da ke ci gaba da ba ta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. Wutar Legas ba ta sallama in za ta tafi. Kafin yaro ya tada janareta, aikin da ba a adana ba ya salwanta, wani lokaci har ma'ajiyar kwamfutar ta lalace.

Nawa ƙarami ne, mai ƙarfin 650VA, a kasuwar kwamfuta ta Computer Village da ke Ikeja na saye shi. Yakan riƙe kamar minti 10, ya isa mutum ya adana aikinsa ya kashe lafiya. Don Allah kada a jona masa firinta mai leza, ta fi ƙarfinsa. Batirinsa kuwa zafin shago na cinsa, bayan shekara 2 zuwa 3 sai an sauya.